Inna Tani da Gadar Ƙarfe

Tun da na dawo daga Abuja ban huta da tambaya ba. A ofis, a gidan suna, har a layin asibiti da na kai autana, duk wadda ta gan ni sai ta ce, "Hansatu, wai da gaske ne titunan sun fi filin jirgi faɗi?" Wasu kuma so suke su ji ko za a ba maigidansu gida in aka ɗauke shi can. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a tsaye, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya. Amma wadda ke jiran labarin benaye ta yi haƙuri, don ni aikin kangaye ne ya kai ni.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, ni mai zane ce a sashen adana kayan tarihi a nan Kaduna. In aka ce ga tsohon gini, masallaci ko ganuwa ko tashar jirgin ƙasa, mu ne muke zuwa mu auna shi, mu zana shi a takarda, mu ɗauki hotonsa, don ko an rushe shi gobe a san yadda yake. Da aka fara kwasar ma'aikatu daga Legas ana kai su sabon birni, sai aka ce a tura mutane su zagaya ƙauyukan da aka tasa da tsofaffin hanyoyi kafin katafila ta gama da su. Shugabanmu yana faɗin wuraren da za a je, na ji ya ce Gadar Ƙarfe. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba.

A can aka haife ni. Mahaifina heluma ne, wato shugaban leburorin hanya. An ba shi wani ɗan bariki mai ɗaki biyu a bakin gadar, shi ke lura da ita da hanyar da ta bi ta kanta. Mahaifiyata ta rasu ban yi arba'in ba. Babu dangi a kusa, babu madarar gwangwani a wannan dajin. Wata mata ce daga ƙauyen Gbagyi da ke tsallaken rafin, wadda ta haifi ɗa namiji a wannan daminar, ta karɓe ni ta haɗa mu a nono. Sunanta Tani. A bayanta na girma, a tsakar gidanta na koyi tafiya, kuma yarensu na fara ji kafin Hausa. Na kusa shekara goma aka mayar da Baba Gusau, muka tafi a bayan motar tsakuwa ina kwance da ƙyanda. Daga nan sai makaranta, sai aure, sai 'ya'ya. Baba ya rasu, hanya ba ta sake bi da ni ta can ba.

Maigidana bai hana ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kar ki sa rai da yawa, an daɗe." Na ce to. Duk da haka sai da na sayi turmin atamfa da sabulu na cusa a ƙasan jaka.

Mun tashi da sassafe, a ƙarshen damina, cikin Landirobar ofis. Direbanmu Malam Iliya ne, dattijo Bazazzagi wanda ba ya wuce masallaci in lokaci ya yi, ba ya kuma wuce mai tsire ko lokaci bai yi ba. Hanyar cike take da manyan motocin siminti da rodi, duk gabansu guda, kudu. A Tafa muka tsaya muka ci soyayyar doya da ƙwai, taya ta yi faci, na zauna a benci ina kallon direbobi suna gardama kan ko birnin zai taɓa ƙarewa. Wani ya ce shi tun yana saurayi yake kai yashi can, ga shi har ya aurar da 'ya.

Bayan mun wuce ƙaton dutsen nan da kuke gani a hoto, sai ga shingen 'yan sanda a iyakar sabon yankin. Wani kofur ya leƙo bayan mota ya ga dogon abu nannaɗe a bargo.

"Mene ne wannan?"

Malam Iliya ya ce, "Ƙafafu ne, yallaɓai."

Kofur ya ja da baya. "Ƙafafun wa?"

Sai da na fito na kwance bargon, na kafa ƙafafun katakon guda uku, na ɗora musu na'urar awo. Tsohuwar na'ura ce, in ka leƙa ta komai a kife kake ganinsa. Kofur ya sa ido, ya hango ogansa a tsaye da kai a ƙasa. Shi ke nan, sai da kowa a shingen ya leƙa, har mai sayar da lemo. Ogan kansa ya zo ya ce a nuna masa kofur. Ba su sake mu ba sai da rana ta yi tsaka.

Birnin kuwa, gaskiya ne titunan suna da faɗi. Sai dai za ki yi tafiya mai nisa a kansu ba ki haɗu da kowa ba sai shanun Fulani. Ga turakun fitilu a jere sun nufi cikin daji, ga gadar sama da ba ta kai ko'ina ba, ta tsaya a iska da rodi a waje. Unguwanni ba su da suna, sai lamba. Mun ɓata har Malam Iliya ya fara istigfari a fili. Wani Bakano mai kanti a cikin kwantena ne ya cece mu. Ya ce, "Ku bi titin nan har inda ya ƙare a gonar dawa, sai ku dawo baya kaɗan. Benen da aka shanya zannuwa a samansa, nan ne."

A nan na sauka, wurin shugabar tawagarmu, Madam Bisi. Masaniyar zanen gine-gine ce, da ofishinsu aka kwaso ta daga Legas, mijinta da 'ya'yanta suna can. Ta yi bautar ƙasa a Sakkwato, saboda haka tana jin Hausa, amma irin Hausar Abuja, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Da ta buɗe ƙofa ta ce mini, "Sannu, ka gaji. Ka zo ka ci abinci." Na waiwaya ina neman Malam Iliya, ashe da ni take.

Ta yi wata da watanni a gidan, amma kayanta suna nan a kwali, a kan kwalin ma muke cin abinci. Ta ba ni baƙin tuwon garin doya da miya mai yauƙi, da barkonon da sai da na sha ruwa kofi-kofi. Rediyonta ba ya mutuwa, wai shirun garin yana sa mata ciwon kai. Ta ce a Legas daga tagarta tana jin kwandastoci suna zagin juna, tana jin ƙarnin kifi daga bakin ruwa, kuma a da duk waɗannan haushi suke ba ta. "Nan babu wanda ya san uwata," in ji ta. "Babu wanda zai ce, Bisi, ka rame."

Ba ita kaɗai ba ce. Ran Juma'a kafin la'asar benen nan sai ya zama kamar an yi shara, kowa ya kama motar garinsu. Maƙwabci ba ya sallama ya shigo, ba a aiko yaro da kwanon abinci, kuma kafin a tambayi sunanki sai an tambayi jiharki. Ruwa a tanka ake kawowa, a layin jarkoki ne kawai na ga mutane suna hira kamar a gida.

Kwanakin farko mun yi su ne a kan duwatsu. Mun auna ganuwar dutse da mutanen da suka jera ba siminti ba laka, da wasu tsofaffin murhunan narkar da tama, da rijiyoyin rini da ciyawa ta rufe. Madam na riƙe da kan tef ɗin awo, ni ina karanto lamba ina zanawa. A wani kango Malam Iliya ya ce zai taimaka, ya zura kai cikin rumbu don ya gaya mana zurfinsa, rina suka fito suka yi masa maraba. Yini biyu yana tuƙi da ido ɗaya. A hanya mukan haɗu da matan Gbagyi da ƙaton ƙoƙo cike da itace a kan kafaɗa, dab da wuya, don su ba sa ɗora kaya a ka. Madam sai ta yi ta mamaki tana cewa a tsaya ta gani. Ni kuwa kafaɗata ce take ɗan motsawa. Haka na fara ɗebo ruwa, kuma da muka koma Gusau an daɗe ana yi mini dariya kafin in koyi gammo.

Ranar da za mu Gadar Ƙarfe, a mota na gaya wa Madam abin da ke tsakanina da wurin. Sai ta rage rediyo.

Tsohuwar hanyar ta mutu. Ciyawa ta cinye gefenta, ruwa ya yanka tsakiyarta, sau biyu muna fitowa muna tura mota a cikin jar laka. Can sai muka sha kwana, ga ta nan. A tunanina doguwa ce har ba a hango ƙarshenta, ashe 'yar gajeriya ce, mota ɗaya take ɗauka. Ƙarafunta sun yi tsatsa, amma a can ƙasa inda rana ba ta kaiwa har yanzu akwai baƙin kwaltar da Baba yake sa a shafa mata duk rani. An zare yawancin katakan da ake takawa. A jikin ginshiƙin farko wani ya yi gicciye da jan fenti, kuma mun riga mun san ma'anarsa daga wuraren da muka bi, alamar rushewa ce.

Barikin yana nan a hannun dama, ba rufi, ba ƙofa, wata bishiyar ɓaure ta tsiro a ɗakin Baba. Madam ta miƙo mini tef ta ce, "Mu fara da nan, ko mu bar shi ƙarshe?"

Na ce, "Mu fara."

Na auna ɗakin da aka haife ni. Na auna tagar da nake hawa ina jiran motar wasiƙu, na auna kaurin bango, na rubuta komai da kyau kamar na kowane gini. Sau ɗaya ne na karanta lamba Madam ta ce in sake, ba ta ji ba.

Gadar ta ci mana rabin yini. Sai an shiga ƙarƙashinta an ga yadda aka haɗa ƙarafun da manyan ƙusoshi masu kai kamar ƙwallon goriba, sai an zana ginshiƙan dutse, an nemi allon da aka rubuta inda aka ƙera ta, wanda tsatsa ta cinye rabin rubutunsa. Muna cikin haka wani injiniyan kamfanin da ke sabon titi ya tsaya da motarsa. Mutum ne mai kirki, har ya ba mu ruwan sanyi. Madam ta nuna masa cewa titinsu can ƙasa zai bi, gadar ba ta tare musu komai ba, za ta rubuta a bar ta. Ya ce shi ma yana sha'awarta, amma rafin gaba ɗaya za a sa shi cikin magudanar siminti, kuma shi abin da aka zana masa yake bi. Ya ce ta rubuta, ko Allah zai sa a ji.

Bayan azahar na tuɓe takalmi na tsallaka a kan ƙarfen gefe, ina riƙe da hannun gadar. Ƙauyen yana bayan wasu manyan itatuwan mangwaro, a gindin dutse. Na shiga ba wanda zan yi wa sallama. An yaye rufin ɗakuna duka, don da aka tashe su sun tafi da itatuwan jinka da ƙofofi. Rumbuna sun fashe, kabewa ta hau kan katangu tana 'ya'ya ba mai tsinka. Na yi ta zagaye ban gane gidanmu ba.

Sai na ji sarar fartanya a bayan gari. Wani mutum ne yake haƙar doya shi kaɗai, ba riga, furfura ta fara fito masa. Na gaishe shi da Hausa, ya amsa. Sai kuma wata gaisuwa ta fito daga bakina da yarensu, wadda ban san tana nan ba. Ya miƙe tsaye.

Na ce, "Don Allah ina neman labarin wata mata, Tani, da ta zauna a garin nan."

"Tani da yawa. Wacce?"

"Wadda ta shayar da 'yar heluma."

Ya ajiye fartanyar a hankali. Ya dube ni daga mayafi har lakar da ke ƙafata.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni. Ni ce Hansatu."

Can ya ce, "An ce mana kin mutu a hanyar Gusau. Wani direba ne ya faɗa. Inna ta aske kanta don makoki."

Ɗanjuma ne, wanda muka sha nono tare. Muka zauna a kan kunyar doya. Ni ina kuka, shi yana ta goge hannunsa a wando kamar zai gaisa da wani babba. Ya ce an mayar da su can gefen Bwari, amma gonar da aka ba su tsakuwa ce, shi ya sa yake satar jiki ya zo ya noma ta gado kafin a hana. Na kasa tambayar abin da nake son tambaya, shi ya gane.

Ya ce, "Tana nan. Idon ne ya yi rauni, bakin kuwa lafiya lau."

A ranar muka tafi, Ɗanjuma a gaba yana nuna hanya, doyarsa a baya tare da ƙafafun na'ura. Sabon garin gidajen bulo ne da rufin kwano, a jere kamar barikin soja, ba bishiya ko ɗaya da ta isa a zauna a inuwarta. Kowane gida an kafa 'yar bukka a bayansa, a nan ake girki, a nan tsofaffi suke yini, don kwanon in ya ɗauki rana ba ya zaunuwa.

A irin wannan bukkar muka same ta tana ɓarar gyaɗa. Ta ƙanƙance. Matar da nake tunawa tana ɗauke da ni da tulu a lokaci guda, yanzu da hannu ɗaya zan iya ɗaga ta. Ɗanjuma ya durƙusa ya yi mata magana da yare. Ta ce ya sake faɗa. Ya sake. Ta ture faifan gyaɗar gefe ta ce da Hausa, "Matso."

Na durƙusa na ce, "Inna, ina wuni."

Ta kama fuskata da hannu biyu, ta shafa goshi da kunnuwa, sannan ta gangara ta kama ƙafata ta hagu ta laluba bayan idon sawu. Akwai tabo a wurin, inda tafasasshiyar kwalta ta ɗiga mini ina rarrafe. Da yatsanta ya same shi sai ta bar shi a kai.

Ta ce, "Ita ce." Ta juya wajen matar Ɗanjuma. "A ɗora doya. Yarinyar nan ba ta son miya da daddawa da yawa."

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta sa aka daka sakwara, ta zauna tana sauraron yadda nake ci, in na tsaya ta ce in ƙara. Ta tambayi Baba, na ce ya rasu, ta ce mutumin kirki ne amma ba ya jin magana, ta gaya masa kar ya ɗauke ni da zazzaɓi a jiki. Ta tambayi 'ya'yana ɗaya-ɗaya ta maimaita sunayensu. Da na ba ta atamfar ta shinshina ta, ta ce a ajiye mata, ba yanzu ba. Madam Bisi tana gefe a kan turmi da kwanon sakwara a cinya, sai na ga ta juya mana baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Inna ta tambayi abin da ya kawo mu, na yi mata bayani iyakar iyawata. Ta ce, "Wato in sun rushe, ku kuna da shi a takarda."

Na ce haka ne.

"Takardar ana shiga cikinta?"

Na ce a'a, Inna.

Ta yi 'yar dariya. Sannan ta ce tun ranar da aka ɗora su a mota ba ta koma ba, kuma tunda ga mota, gobe a kai ta. Ɗanjuma ya ce hanyar ba kyau, ta ce ba da shi take ba. Na dubi Madam. Madam ta ce, "Gobe da safe. Dama ban gama hoton gadar ba." Ni na san ta gama.

Washegari muka ɗauko ta, ta yi wanka ta shafa mai, ta ɗaura tsohon zanenta mai kyau. Malam Iliya ya tuƙa motar kamar yana ɗauke da ƙwai. Duk ramin da muka faɗa sai ta faɗi sunan wurin, ta ce nan gonar wane ce, nan aka taɓa kashe kura. Da muka iso bakin gadar na riƙe ta ta sauko. Ta taka har wajen ginshiƙin farko ta dafa ƙarfen, ta ce kullum da safe ta nan take bi da ni a goye ta kai wa Baba ya gan ni kafin ya fita aiki.

Ɗanjuma ya durƙusa ya ba ta baya don ya tsallaka da ita. Ba ta hau ba. Ta tsaya tana duban tsallake, ta kare ido da hannu.

"Hansatu, me kike gani?"

"Itatuwan mangwaro, Inna. Da dutse a bayansu."

"Ɗakuna fa?"

"Ba a hango su daga nan. Ganye ya rufe."

"Ni ma duhun itatuwan nake gani." Ta sauke hannunta. "Haka yake tun da. In ka dawo daga kasuwa, daga nan ba ka ganin gida sai ka shiga."

Ta nemi wani dutse ta zauna. Ɗanjuma ya ce, "Inna, rana tana yi. Mu je ki gani mu dawo."

Ta ce, "Tashi, ba zan tsallaka ba. Daga nan garin yana nan."

Mun zauna tare da ita har inuwar gadar ta matsa. Wani lokaci ta yi magana da yare a hankali, ba da mu ba. Can ta ce mini, "Abin hoton naki yana kusa? Zo ki tsaya nan inda nake. Ki ɗauka daga nan, kar ki matsa."

Na tsuguna a gefenta, kafaɗata tana taɓa tata, na ɗauka. Ba gini ko ɗaya a ciki, sai bakin gada da ganye da dutse. Na ce ta bari in ɗauke ta ita ma, ta ce a'a, sai ta ɗinka atamfarta.

Da muka mayar da ita gida ta sa aka cika mana bayan mota da doya, har Malam Iliya ya ce taya za ta sake fashewa. Ta raka ni bakin mota tana riƙe da hannuna.

"Kin ga hanyar da kuka biyo?"

"Na gani, Inna. Na riƙe ta."

"Kar ki riƙe ta, za su canza ta. Ki riƙe sunan Ɗanjuma, in kin zo Bwari ki tambaya a tasha."

Sauran aikin mun ƙarasa shi cikin 'yan kwanaki. Madam ta rubuta rahoto mai zafi a kan gadar, ta sa ni na sake zana ta da tawada har sau biyu don ta fito da kyau. Ranar da zan taho na tarar ta buɗe kwali ɗaya ta fito da labule tana ratayawa. Ta ce, "Ka dawo fa. In ka zo wurin mamanka, nan za ka sauka."

Na dawo Kaduna na raba doya har maƙwabta. Da aka wanke hotuna na sa aka yi mini wancan na bakin gada babba, aka sa shi a gilashi. Ban samu hutun komawa ba tukuna, amma kwanan baya aka aiki Malam Iliya Abuja da wasu takardu, na ba shi hoton ya kai wa Inna. Da ya dawo ya same ni a ofis, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hula a hannu. Ya ce ya bi ta tsohuwar hanya don ya gani. An yanka gadar, ƙarafunta suna tare a gefe ana jiran mota. Itatuwan ma babu.

Na ce, "Ka gaya mata?"

Ya ce bai gaya mata ba, kuma Ɗanjuma ya ƙifta masa ido kar ya faɗa. Ya ce ta karɓi hoton ta fito da shi rana, ta kai shi dab da idonta ta daɗe tana dubawa. Sai ta ɗora yatsa a kan ganyen, daga hannun hagu, ta fara kiran gidajen da ke bayansa ɗaya bayan ɗaya, gidan wane, gidan wane, jikokinta sun kewaye ta suna maimaitawa. Ya ce da yatsan ya zo kan nata gidan sai ta tsaya, shi kuma a nan ya yi musu sallama ya taho.